Mansuratu Mai Huda Takarda

Mansuratu Abdul-Samad jinyar tsofaffi take yi a gidajensu. A garin Greenbelt na Amurka take zaune, a hawa na biyu, ita da mijinta Sirajudeen mai tuƙa motar kai fasinja filin jirgi. Idan ka gan ta da safe a tashar jirgin ƙasa, gajera mai jiki, da mayafi ruwan toka a kan kayan aiki da farin takalmin roba, iyakarka ka ce ga wata baiwar Allah za ta neman halalinta. Ni ma haka na ɗauke ta har shekara biyu. Sunana Hasiya, 'yar Kano ce ni, ina aikin ba da magani a wani asibiti a Largo. Ita kuwa mutuniyar Kumasi ce, a masallaci muka saba. Ranar wani suna muna cin wake da shinkafa irin na mutanen Gana da ta dafo, sai wata mata ta raɗa mini cewa wannan da ke zuba mana yaji ta fi duk mazan da ke falon can iya harbi. Na yi dariya har na ƙware. Da na tambaye ta ba ta musa ba, sai ta ce in zo gida ranar Lahadi. Abin da zan faɗa a nan, rabi daga bakinta na ji, rabi da idona na gani.

A zangon Aboabo na Kumasi aka haife ta, ita ce ta uku a mata biyar. Kafin su taso ƙasar nan ta yi shekara goma sha biyu tana sayar da abinci a bakin tashar mota, kullum sai ta tsince wake kwano shida kafin ta ɗora tukunya. Ta ce har yau idan ta zuba wake a faranti, tsakuwa ce ke fara kallonta. A 2001 Sirajudeen ya dace da bizar da ake jefa wa ƙuri'a, suka zo da 'yarsu Wahida. Ta yi kwas na wata uku ta fara aiki. Bindiga kuwa ko a hannun ɗan sanda ta gani sai ta canza hanya, abin wasan wutar da yara ke fasawa lokacin Kirsimeti ma toshe kunne take yi.

A ƙarshen 2004 kamfaninsu ya tura ta garin Clinton, gidan wata tsohuwa mai suna Irene, Ba'amurkiya baƙar fata 'yar shekara saba'in da takwas, wadda aka yi wa aiki a ƙugu. Irene ta yi shekara talatin da huɗu tana buga tafireta a wani ofishin gwamnatin tarayya, mijinta ya rasu, kuma kafin zuwan Mansuratu ta riga ta kori masu jinya uku. Ranar farko tsohuwar ta gwada faɗin sunan Mansuratu har sau uku, harshenta ya ƙi, sai ta ce, "Mansa zan riƙa ce miki. In ba ki so, ga ƙofa nan."

Mansuratu ta ce, "Mama Irene, a garinmu ai Mansa sunan 'ya mace ta uku ne, ni kuwa ta uku ce. Wa ya gaya miki?"

Tsohuwar ta yi mata kallon sama da ƙasa, ta ce ta je ta dafa shayi. Daga ranar ba a sake maganar ƙofa ba.

Bayan wata biyu Irene ta fara takawa da sanda. Wata Alhamis ta sa aka ɗauko mata wani akwatin katako daga cikin akwatin ƙarfe mai makulli, ta ce a kai ta kulob. Mansuratu ta zaci wurin shan shayin tsofaffi ne. Sai da suka bar kwalta suka shiga wata hanyar tsakuwa a tsakanin itatuwa, ta fara jin tas, tas, daga bayan wani dogon gini. Ta taka birki.

"Mama, harbi ake yi a nan!"

"To da me kike so a yi? Shekarata arba'in ina zuwa. Ja mu je."

Mako uku Mansuratu tana kai ta bakin ƙofa, ta koma mota ta rufe gilashi ta ja carbi. A mako na huɗu Gregory, wani dogon dattijo mai kula da filin, ya fito ya ƙwanƙwasa mata gilashi. Ya ce tsohuwa tana jin jiki wajen tsayuwa, ana bukatar wanda zai tsaya a bayanta. Aikinta ne, ba yadda za ta yi. Aka ɗora mata abin toshe kunne a kan mayafi, aka ba ta tabarau, ta shiga tana salati.

Abin da ta tarar ya ba ta mamaki. Tsofaffi ne kusan goma a jere, kowa a rumfarsa, ba mai ɗaga murya. Can gaba, yadi ashirin da biyar, an kafa takardu masu baƙin da'ira a tsakiya, bayansu tudun ƙasa. Ba wanda ke taɓa bindiga sai Gregory ya ba da izini, idan ya ce a tsaya kowa ya buɗe tasa ya ajiye ya ja baya. Bindigar Irene libarba ce, wato ƙaramar bindigar hannu mai 'yar ganga da ke juyawa, da ramuka shida na harsashi. Tsohuwar ta jingina sandarta, ta sa hannun hagu a aljihu, ta miƙa na dama. Hannun da ke zubar da shayi a gida sai ga shi ya tsaya cak. Ta harba biyar, ta ce Mansa ta leƙa madubin hangen nesa ta gaya mata inda suka faɗa. Duka biyar suna cikin baƙi, tafin hannu zai rufe su.

Daga nan aikinta ya zama biyu: ta leƙa madubi ta faɗi wurin huda, sannan ta tsince kwanson harsasai idan an zazzage. Har ta fara jiran Alhamis.

Da bazara ta shigo sai harbin Irene ya lalace. Cikin biyar, wasu su shiga baƙi, wasu su sauka ƙasa da shi kamar faɗin yatsu uku. Ta goge tabarau, ta wanke bindiga, Gregory ya duba saiti ya ce lafiyarsa lau. Mako uku ana haka. A hanyar komawa gida ranar Alhamis ta uku, da suka tsaya a danja, sai Irene ta dube ta.

"Mansa, na gama. Hannun ya tafi. Mako mai zuwa zan ba Gregory bindigar ya nemo mata mai riƙo."

Amma akwai abin da ke cin Mansuratu. Tun makon jiya ta lura wasu harbin sun fi wasu kaifin ƙara. Ta kuma lura kwanson da take tsincewa iri biyu ne, akwai ruwan tagulla, akwai fari mai ƙyalli. Ɗazu da safe ta ƙirga: farin kwanso biyu, huda biyu a ƙasa. Da aka sake, fari uku, ƙasa uku. Kuma ta san daga inda fararen suka fito. Wata ƙawar Irene ta coci da mijinta ya rasu ta kawo kwalaye huɗu na harsasan da ya bari, Irene ta ce a ajiye su a kabad. Mansuratu kuwa ranar da take gyaran ɗaki ta ga kwalaye sun cika wuri, lambar da ke jikinsu ɗaya ce da ta kullum, girmansu ɗaya, sai ta juye su duka cikin gwangwanin biskit ɗin da Irene ke zuba nata, ta girgiza don su zauna. Idon tsohuwar ba ya rarrabe launi a kusa, da laluben yatsa take ɗura bindiga.

Da suka isa gida ta zaunar da ita, ta ɗauko gwangwanin da babban faranti ta juye. Ta fara tsincewa, fari dama, tagulla hagu. Irene na kallonta.

"Me kike yi haka?"

"Mama, ki yafe ni. Ba hannunki ba ne, ni ce." Ta kwashe labari ta gaya mata, tana jiran a nuna mata hanyar gida.

Irene ta ɗauki fari ɗaya da tagulla ɗaya, ta kai su dab da hanci. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har hawaye, har sai da ta riƙe wurin aikin tana cewa wayyo. "Shekara arba'in ina wa sababbin zuwa faɗa kada su gauraya harsashi! Ni Irene! Har na yi wa hannuna ta'aziyya!"

Alhamis ta gaba ta harba tagulla zalla, goma a jere, duka a baƙi. Ta sake da fari zalla, suka taru wuri ɗaya su ma, amma a ƙasa. Gregory ya fara yi wa Mansuratu faɗa sosai a kan zuba harsashin da ba a san shi ba cikin na wani, ya ce an yi sa'a girmansu ɗaya ne. Sannan ya yi mata bayani. Libarba tana fara ɗaga baki sama tun harsashi bai fita ba. Fararen an ɗura musu albarushi da ɗan yawa, sun fi gudu, suna ficewa kafin bakin ya ɗaga sosai, shi ya sa suke sauka ƙasa. Masu tafiya a hankali suna ɗan jinkiri a ciki, sai su fita bakin ya riga ya hau. Ya ce a cikin mutanen da ke zuwa nan ba kowa ne zai gane haka daga ƙirga kwanso ba.

Irene ta ce, "Tunda ke kika ɓata, ke kika gyara, zo ki tsaya nan."

Mansuratu ta ce sai ta tambayi maigida. Sirajudeen da ya ji takarda ake harbi, kuma akwai mai kula, ya ce ta je. Mako na gaba aka zaunar da ita, aka ɗora hannuwanta a kan jakar yashi. Harsashin da Irene ke amfani da shi na dalma ne mai shafaffen kai, wanda ake yi don takarda kawai, ba shi da shuri sosai, kuma hudarsa zagayayya ce tsaf kamar ta na'urar huda takardun ofis. Irene ta ce ta daidaita saiti, ta saki rabin numfashi, ta matsa kunama a hankali har harbin ya zo mata ba zato. Mansuratu ta yi bisimilla ta matsa. Ta ce mini abin da ta ji a hannu bai kai bugun taɓarya ba. Ta leƙa madubi, ga huda a gefen baƙi.

"Ei! Ni na yi wannan?"

"A'a, maƙwabcinki ne," in ji Irene. "Saura huɗu."

Labari ya yi ta zuwa gida kowace Alhamis, har Sirajudeen ya ga bai kamata a bar shi a baya ba. Ya ce kakansa maharbi ne a Salaga, harbi a jininsu yake. Wata Asabar ya sa hula ya bi su. Gregory ya karanta masa dokoki, ya miƙo masa irin harsashin matarsa. Ya juya shi a hannu ya ce ba wanda ya fi wannan? Gregory ya ce akwai magnam, amma ba a fara koyo da shi. Sirajudeen ya ce shi za a ba shi. Aka ɗauko masa wata babbar libarba ta kulob, aka ɗura ɗaya tak.

Mansuratu ta ce ƙarar har a haƙoranta ta ji. Wuta ta fito a bakin bindiga, hular Sirajudeen ta karkace, takarda kuwa ko ƙwarzane babu. Ya ce a ƙara. Na biyu ya tayar da ƙura a ƙasa, na uku ya ɓalli kusurwar takarda. Ya ce saitin bindigar ne ba daidai ba. Gregory ya karɓa ya juya baya kamar yana ɗurawa, ya miƙa masa babu komai a ciki. Sirajudeen ya auna, ya matsa. Bindiga ta ce ƙyas, amma shi ya runtse ido, ya danna bakinta ƙasa, har ƙafarsa ɗaya ta matsa gaba.

Gregory ya ce, "Ka ga saitin da ba daidai ba. Hannunka ya ji tsoron shuri, yana tare shi tun bai zo ba."

Irene ta ce, "Mansa, nuna wa jikan maharbi."

Mansuratu ta ce, "Baban Wahida, in yi?"

"Yi mana, ai ni na ba ki izini."

Ta harba biyar da nata mai laushi, huɗu a baƙi, ɗaya a bakin layi. Sirajudeen ya leƙa madubi ya daɗe. Da ya ɗago sai ya gyara hula ya ce, "To, kakan nawa ma dai tarko ya fi sawa." Aka fashe da dariya, shi ne kan gaba. Abin da ya burge ni da mutumin nan, shi da bakinsa ya kai labarin masallaci, yana kwaikwayon yadda ya runtse ido. Daga baya ya koya da harsashi mai laushi, yana samun baƙi jefi-jefi, amma ya ce shi ɗaukar kula ɗin abinci ya fi masa. Ta dalilinsa tsofaffin kulob suka san wake da shinkafa da baƙin yaji, har Gregory ya koyi cewa medaase, wato na gode da yaren Asante.

A 2007 Mansuratu ta mallaki tata bindigar. Tsohuwar libarba ce da wani ɗan kulob ya daina amfani da ita. Ta cika takardu, aka yi binciken da doka ta ce, ta jira kwanakin da ake jira, Sirajudeen ya kafa akwatin ƙarfe a cikin kabad. Ta ɗauka harsashin Irene za ta ci gaba da sa mata. Irene ta ce ba haka ake yi ba, kowace bindiga da abin da take so, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya. Suka samo iri biyar, suka zauna a kan jakar yashi don a cire rawar hannu daga lissafi, kowane iri takarda uku. Mai rigar tagulla da kowa ke yabo ya watsu kamar an watsa wa kaji hatsi. Na Irene ya yi dama-dama. Wanda ya ba su mamaki wani na dalma ne mai ɗan nauyi, a kwali mara ado, wanda ya tara biyar har hudojin suna cin juna. Sai dai da yake ya fi nauyi kuma ba ya sauri, sama yake faɗawa, sai da aka murɗa saiti ƙasa.

Ba a jima ba ta sake gano wani abu. Lokaci-lokaci harbi ɗaya yakan fice daga 'yan'uwansa ya yi dama. Ta bi diddigi har ta tabbatar daga rami ɗaya yake fitowa cikin shidan. Ta ɗiga masa jan farce. Tunda biyar ake ɗurawa a gasa, sai ta riƙa barin wannan babu komai. Gregory ya ce shekararsa talatin a filin bai taɓa ganin bindiga da kwalliya ba.

A cikin mutanenmu an yi surutu, ba zan ɓoye ba. Wata ta ce mace da bindiga ai sai a hankali, wata ta ce wa Sirajudeen ya riƙa kwana da ido ɗaya. Mansuratu ba ta taɓa yin fushi ba. Duk wadda ta yi magana sai ta ce ta zo ranar Asabar ta gani. Ni na je, a farkon 2013, kuma na dace da ranar babbar gasar kulob ta shekara.

Shekarar nan harsashi ya yi wuya a shaguna, mutane na bin layi ba sa samu. Gasar harbi sittin ce: ashirin a tsanake daga yadi hamsin, arba'in da sauri daga yadi ashirin da biyar. Mansuratu ta duba kwalinta, saura ashirin da uku. A mota ta ce mini, "Ƙanwata, yau kallo za mu yi, in an gama mu ci abinci."

Wadda ta saba cinye gasar ita ce Selina, tsohuwar 'yar sanda mai faɗin kafaɗa, shekara huɗu a jere ba a karɓe mata ba. Da ta ji Mansuratu ba ta sa suna ba, ta zo ta dire mata kwali a gaba.

"Hamsin ne. Ba na son a ce na ci don ba ki nan."

"Bindigata ba ta san su ba."

"To ki gabatar da su. Akwai rabin awa."

Irene na nan a keken guragu, shekararta tamanin da bakwai, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo. Tuni kamfani ya sauya wa Mansuratu gida, amma ba ta fasa zuwa ɗaukarta ba. Suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Shawarar da suka yanke ita ce Mansuratu ta yi harbin nesa da nata harsasan, tunda can ne ƙaramin bambanci ke girma, ta yi na kusa da na Selina. Goman da suka yi rara ta gwada su a kan jakar yashi. Sun taru ba laifi, amma ƙasa da ɗan hagu. Ta ƙirga murɗawar da saiti ke bukata, huɗu sama, ɗaya dama, ta rubuta da biro a bayan hannunta don kada ta manta idan lokacin canji ya yi.

Ni ban san kan maki ba, fuskoki nake kallo. Mansuratu ta tsaya a rumfa ta shida, ta soke gefen mayafi a kafaɗa, hannun hagu a aljihun riga. A na nesa ba ta yi gaggawa ba ko kaɗan, sau biyu ta ɗaga bindiga ta fasa, ta sauke ta numfasa. Da aka matso da takardu ta duba bayan hannunta, ta murɗa saiti, leɓenta na motsi. Sannan aka shiga na sauri, biyar-biyar, Gregory na ba da umarni, ƙara na tashi gaba ɗaya ta yanke gaba ɗaya. Sirajudeen na gefena yana ta murza hula. Ya ce mini, "Hajiya Hasiya, ko ranar da za a ba mu biza ban ji haka ba."

Aka tattara takardu, mutum biyu suka zauna da abin awo, saboda akwai hudojin da suka taɓa layi. Gregory ya fito da allo. Ya karanto na uku. Ya karanto Selina ta biyu. Kafin ya gama faɗin sunan ta ɗaya Sirajudeen ya yi kabbara da ƙarfi, tsofaffin Turawa suka waiwayo, da suka ga fuskarsa sai suka kama tafi. Maki uku ne tsakaninsu.

Selina ta taho tana nuna ta da yatsa. "Maido mini harsasaina!"

Mansuratu ta miƙa mata jakar kwanso tana dariya, "Ga su, na ɗan taɓa su kaɗan." Suka rungume juna. Irene kuwa sai buga hannun kekenta take yi da tafi, tana neman hankici. Aka buɗe kula a ƙarƙashin itatuwa, Selina ta ci faranti biyu, yaji ya sa ta hawaye, ta ce shekara mai zuwa ba za ta ba kowa aron ko allura ba. Shekarar da ta biyo kuwa ta karɓe abinta da maki bakwai, Mansuratu ta zo ta biyu, suka sake cin abinci a wurin.

Irene ta rasu a 2015, a gidanta, bayan gajeriyar jinya. Mansuratu na zuwa kullum bayan ta tashi aiki har ranar ƙarshe. Ba ta daina zuwa kulob ba, kuma har yanzu jinyar tsofaffi take yi. Mata huɗu daga masallacinmu sun koya a hannunta, har da wadda ta yi maganar kwana da ido ɗaya.

A 2016 ta je Kumasi ganin gida. Ta tafi da takardarta mafi kyau ta ranar gasar, a cikin leda. Mahaifiyarta na nan da rai, ta haura tamanin, tana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki. Bayan an gama rabon tsaraba Mansuratu ta miƙa mata takardar, ta ce wannan harbinta ne, da shi ta zo ta ɗaya.

Tsohuwa ta ɗaga takardar a rana, ta zura ɗan yatsa a hudar tsakiya.

"Da bindiga?"

"Da bindiga, Mma."

"To ina naman?"

"Babu nama, Mma. Takarda muke harbi."

"Me takardar ta yi muku?"

Tsakar gida ya ɗauki dariya. Tsohuwa ba ta yi ba, tana ta juya abin a hannu. Can ta tambayi nisan wurin. Mansuratu ta fita ta taka mata, daga ƙofar ɗaki, ta wuce zaure, har bakin famfon layi, ta tsaya ta ɗaga hannu. Tsohuwa ta kare ido da tafi ta hango ta, ta sake duban hudar.

Sai ta aika a kira mata maƙwabta. Har la'asar mata na shigowa, kowacce sai an kai ta bakin famfo ta tsaya, sannan a dawo da ita ta sa yatsa a takarda. Ranar da Mansuratu za ta taso ta nemi abinta don ta sa a jaka. Tsohuwa ta ce wace takarda? Ta riga ta ba kafinta ya yi mata gilashi, in tana son wata ta koma can ta harbo.